Kafin A Duba Fili, A Duba Mai Sayarwa: Wa Doka Ta Yarda Ya Mallaka Wa Wani Ƙasa?

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Kano, Kaduna ko Abuja zai ci karo da katangu masu rubutu da jan fenti, galibi da Turanci, wani lokaci da Hausa, ana gargaɗin cewa gidan ba na sayarwa ba ne. Masu gidajen suna ɓata katangunsu ne saboda sun san a gari akwai waɗanda za su kawo baƙo, su zagaya da shi, su nuna masa iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, su karɓi kuɗinsa, su damƙa masa takarda mai hatimi, alhali ko bulo ɗaya ba su taɓa ajiyewa a wurin ba.

Sai dai da yawa daga cikin shari'o'in fili da ke cin shekaru a kotuna ba daga hannun ɗan damfara suka taso ba. Wasu sun taso ne daga babban wa da ya sayar da gidan gado ƙannensa mata ba su sani ba. Wasu daga manomin da ya sayar da gonar da aka ba kakansa aro. Wasu daga wakilin da aka ce ya karɓi kuɗin haya, ya zarce ya sayar da gidan. Wasu kuma daga mai gida na gaskiya, wanda ya sayar amma bai nemi amincewar hukuma ba. Mutanen nan sanannu ne a unguwa, ana sallah sahu ɗaya da su, kuma wani a cikinsu ya yi imani har zuciyarsa cewa yana da ikon abin da ya aikata.

Mai saye yakan ƙarar da hankalinsa a kan filin: tsawonsa da faɗinsa, kusancinsa da titi, ko ruwa na kwanciya da damina, da ko dillali zai sa a yi ragi. Tambayar da shari'a za ta fara yi ranar da rigima ta tashi daban ce: wannan da ya ce "na sallama", yana da ikon sallamawar?

Wane ne mai mallakarwa?

Duk lokacin da fili ko gida ya tashi daga hannun wani ya koma hannun wani, akwai ɓangaren da ya fitar, akwai wanda ya karɓa. Wanda ya fitar shi ne mai mallakarwa. A ciniki shi ne mai sayarwa, a kyauta shi ne mai bayarwa, a wasiyya shi ne mamacin da ya bar sallahu, a waƙafi shi ne wanda ya tsayar da dukiyar don Allah. Yana iya zama mutum ɗaya, ko magada a haɗe, ko kamfani, ko banki mai sayar da gidan da aka jinginar masa, ko kotu mai gwanjon kayan wanda bashi ya ci.

Ƙa'ida ɗaya ce ta hau kansu duka, kuma fiƙihun Musulunci da dokar da aka gada daga Ingila sun haɗu a kanta: mutum ba ya ba wani abin da shi kansa bai mallaka ba. Wanda ke da rabin gida, rabi kawai zai iya sayarwa. Wanda saura shekara 40 a wa'adin takardarsa, shekara 40 ɗin zai miƙa. Wanda ba shi da komai, to babu abin da ya wuce zuwa ga mai saye, ko da an biya kuɗi lakadan gaban shaidu goma. Aibin da ke hannun mai sayarwa na farko kuwa yana bin filin zuwa hannu na biyu da na uku, har ya iske wanda ya gina bene a kai.

Malaman Malikiyya sun shimfiɗa sharuɗɗan mai sayarwa a littattafan da alƙalan Arewa suke hukunci da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Ya zama mai hankali, mai wayon sarrafa dukiya, wanda ba tilasta masa aka yi ba, kuma ya zama mamallaki ko wakilin da mamallaki ya ba izini. Idan wani ya yi shisshigi ya sayar da kayan da ba nasa ba, cinikin a rataye yake sai abin da mai kaya ya ce: in ya zartar ya zartu, in ya ƙi ya warware. Amma mai kayan da aka yi cinikin a gabansa, yana ji yana gani, ya yi shiru ba tare da uzuri ba, shirunsa yana iya zama hujja a kansa.

Yadda ƙasa ta koma hannun gwamna

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da tsarinta. Wanda ya sari daji da izinin sarki ko dagaci, ya raya shi, ya zama mai gona. 'Ya'yansa su gada, su noma gandu tare, kowa da gayaunarsa. Akwai aro, akwai jingina, akwai haya, akwai kyauta. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, jagoransu Lugard ya shelanta cewa ikon da sarakuna suke da shi a kan ƙasa ya koma hannun gwamnatin mulkin mallaka. Bayan wani kwamiti da ya zauna a 1908, aka fitar da dokar 1910 wadda ta sanya ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. An sabunta ta a 1916, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1962 bisa wannan tubali.

Ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya baki ɗaya. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Gwamna ke ba da haƙƙin zama a kan fili, kuma shi ke sa hannu a takardar shaidar da kowa ke kira C of O, wadda aka saba ba ta wa'adin shekara 99 idan ta gidan zama ce. Ƙaramar hukuma kuma tana ba da haƙƙin zama na gargajiya a wajen birni, amma ba ta wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo sai da yardar gwamna. Sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare wannan doka, ta yadda ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa.

Saboda haka, a idon dokar ƙasa, mai sayar da fili a yau haƙƙinsa na zama da amfani yake miƙawa, tare da ginin da ke kai. Gwamna kuma yana da ikon soke wannan haƙƙi don buƙatar jama'a a ƙarƙashin sashe na 28 na dokar 1978, a biya diyyar gini da amfanin gona. Filin da aka riga aka soke takardarsa, ko aka biya diyyarsa don hanya ko makaranta, tsohon mai shi ba shi da sauran abin sayarwa a cikinsa.

Amincewar gwamna nauyin wa ce?

Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana mai riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa shi ga wani, sai da amincewar gwamna. Sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan haƙƙin gargajiya, inda ake neman yardar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne.

An ga nauyin waɗannan sassa a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Ajilo ya mallaki gidansa a Legas tun kafin dokar 1978, aka jinginar da shi ga banki don bashi. Da banki ya tashi sayar da gidan, sai ya je kotu ya ce ba a nemi amincewar gwamna ba lokacin jinginar. Kotun Ƙoli ta ce ko wanda ya mallaki filinsa kafin dokar, sharaɗin ya hau kansa, don haka jinginar ba ta inganta ba. Banki ya rasa abin riƙewa.

A 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta fahimtar: ɓangarori suna iya ƙulla yarjejeniya su sa hannu kafin amincewar ta fito, amma cinikin bai cika ba sai ta fito.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne doka a kan mai riƙe da haƙƙin ta ɗora neman amincewar, wato mai sayarwa. A aikace kuwa mai saye ne ke zirga-zirga a ma'aikatar ƙasa, shi ke biyan kuɗin amincewa da na hatimi da na rajista. Kuma ba zai iya ba sai da takardar neman izini mai ɗauke da sa hannun wanda sunansa ke kan fayil. Idan ya bar wannan aiki sai bayan shekara goma, yana iya tarar da mai sayarwa ya rasu, ya koma bin magada ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce bai san da cinikin ba, wani ya ce sai an ba shi wani abu. Fili yakan bi hannu huɗu ko biyar, amma a ma'aikata sunan mutum na farko ne har yanzu. Duk waɗanda suka biyo baya takardar ciniki kawai suke riƙe da ita.

Takarda shaida ce, tushe ake nema

An ɗauki C of O tamkar ƙarshen magana, amma kotuna ba haka suke kallonta ba. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar hujja ce ta farko kawai. Idan wani ya tabbatar yana da haƙƙi a kan filin tun kafin a fitar da ita, kuma ba a soke haƙƙin nasa ba, takardar ba ta tsinana wa mai ita komai. Mutumin da ya sayi fili a hannun wanda ba shi da shi, sannan ya je ya fitar da C of O, bai gyara tushensa ba.

Tun 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, kotun ta jero hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa: tarihin gargajiya na yadda filin ya samo asali, takardun mallaka ingantattu, ayyukan mai abu da aka daɗe ana yi a kai, kamar gini, haya da noma, daɗewar riƙo, da mallakar filin da ke maƙwabtaka da shi ta yadda hankali zai karɓi cewa na mutum ɗaya ne. Mai saye mai hankali zai tambayi mai sayarwa da wacce daga cikin biyar ɗin zai tsaya in an kai shi gaban alƙali.

Akwai kuma al'adar da ta yaɗu a manyan birane, ta karɓar takardar wakilci a madadin takardar miƙa mallaka, don a kauce wa kuɗin amincewa. Kotun Ƙoli ta yi bayani a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 cewa takardar wakilci izini ce ta yin aiki da sunan wani, ita kanta ba ta tsallakar da mallaka. Wanda ke riƙe da ita kaɗai, wakili ne a gidan da ya biya kuɗinsa. Haka nan idan wakili ne ke sayar maka, a karanta takardar tasa da kyau: izinin kula da gida da karɓar haya daban, izinin sayarwa daban. A kuma tabbatar wanda ya wakilta shi yana raye, domin wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da mutuwar mai shi.

Gidan gado

A nan ne zumunci ya fi lalacewa. Da zarar mutum ya cika, dukiyarsa ta tashi daga hannunsa. Za a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, sauran ya zama na magada gwargwadon rabon da Allah Ya yanka. Matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. 'Ya mace tana da rabin rabon ɗan'uwanta namiji. Iyayen mamaci, in suna raye, suna da nasu. Kafin a raba, kowane ɗaki da kowane taku na gidan tarayya ce tsakaninsu duka.

Babban ɗa ba shi da fifiko a wannan. Kasancewar shi ya riƙe gida, shi ya aurar da ƙannensa, ko takardun suna cikin akwatinsa, bai ba shi ikon sayar da rabon kowa ba. Iyakar abin da zai sayar shi ne nasa kason. Ko a nan ma shari'a ta ba sauran abokan tarayya haƙƙin shufa'a: su mayar wa baƙon da ya saya kuɗin da ya biya, su karɓi kason. A mazhabar Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, kuma yana faɗuwa idan mai shi yana gari, ya sani, ya yi shiru har kimanin shekara guda.

Waɗanda aka fi dannewa su ne mata da marayu. Mace tana ɗakin mijinta a wani gari, sai labari ya iske ta cewa an sayar da gidan mahaifinta, a aiko mata da abin da aka ga dama. Kunya da gudun a ce ta kai 'yan'uwanta ƙara su sa ta haɗiye. Bayan shekaru 'ya'yanta su girma su tayar da maganar, mai saye ya wayi gari da sammaci. Rabon maraya kuwa ba a sayar da shi sai ta hannun wasiyyinsa ko alƙali, kuma sai da dalili na maslaharsa, kamar ciyarwa ko biyan bashin da ke kan dukiyar. Haka gidan matar aure nata ne. Aure bai mayar da miji mai mallakarwa ba.

Wanda zai sayi gidan gado ya nemi takardar rabon gado ta kotu. In ba a raba ba, ya nemi jerin magada gaba ɗaya, kowa ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da ya naɗa, mata su ji da kunnensu nawa aka sayar, su furta yardarsu gaban shaidun da suka san su.

Kyauta, wasiyya da waƙafi

Dattijo yakan ce gaban jama'a, "Wancan gidan na ba wance," kowa ya yi masa addu'a, a watse. Ya ci gaba da karɓar hayar gidan har ajali ya riske shi. A fiƙihun Malikiyya kyauta tana ƙulluwa da furuci, amma ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai, da lafiya, bashi bai cinye dukiyarsa ba. Idan ya rasu ba a yi hauzi ba, gidan ya koma cikin gado. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi idan ya kafa shaidu, amma in gidan da yake zaune a ciki ne, sai ya fita ya bar shi.

Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun amince. Uba yana da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, muddin ɗan bai yi aure ko ya ci bashi a kan ƙarfinta ba, kuma abin bai sauya ba. Sadakar da aka yi don neman lada ba a janye ta. Waƙafi kuma, da zarar ya tabbata, ya fita daga kasuwa: mai kula da filin masallaci ko makarantar allo ko maƙabarta amini ne, jikokin wanda ya bayar ma ba su da ikon yanka shaguna a ciki su sayar. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya sanya waƙafi, kyauta, wasiyya da gado cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Gonar aro da gonar jingina

A karkara, da yawan gonaki suna hannun waɗanda ba su ne masu su ba. Wani an ba kakansa aro da ya zo baƙunta. Wani jingina ce: an karɓi kuɗi ko hatsi a shekarar yunwa, aka ce ya noma har a fanshe. Dattawan da suka san maganar sun ƙare, jikoki sun tashi sun ga mahaifinsu yana noma wurin, suka ɗauka gado ne. Ranar da gari ya matso, gona ta yi daraja, sai su sayar. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Shari'a ta san hauzi na daɗewa. Kotunan Arewa suna aiki da ƙa'idar Malikiyya cewa wanda ya riƙe fili shekara 10 yana aikin mai abu a kai, mai da'awa yana nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa daga baya. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40, saboda kara da kawaicin zumunta. Amma idan an tabbatar asalin riƙon aro ne, ko jingina, ko haya, ko amana, daɗewa ba ta mayar da shi mallaka.

Awon igiya da dillalai

A gefen manyan garuruwa, musamman Kano, unguwanni da dama sun tashi ne a kan awon igiya: mai gona ko wanda ya saye ta ya yayyanka fuloti ba tare da taswirar hukuma ba, a rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu. Talaka ya fi iya saye a nan, domin ya fi araha kuma babu jeka-ka-dawo. Amma sashe na 36 na dokar 1978 ya hana yayyanka gonakin da ya shafa zuwa fuloti, kuma hukumomin tsara birane, KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, suna da ikon hana gini inda ba a tsara ba. Fuloti ɗaya kuma yana iya samun takarda biyu ko uku, tunda babu wani kundi guda da ake dubawa.

Sa hannun mai unguwa ko dagaci yana da amfani, domin shi ya san tarihin wurin da maƙwabtansa. Amma shaida yake bayarwa. Sa hannunsa ba ya ba mai sayarwa mallakar da ba shi da ita. Dillali ma ɗan tsakiya ne, la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa, don haka kalmarsa ba ta isa bincike ba. A Abuja kuwa lamarin ya fi tsauri: ƙasar Babban Birnin Tarayya ta gwamnatin tarayya ce tun dokar 1976, ministan birnin ke rabawa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Madu da Madu ta 2008 cewa babu mai samun fili a yankin sai ta hannun ministan. Wanda ya sayi fili a hannun sarkin ƙauye a can ya san da wannan.

Wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan filin da ya san ba nasa ba ne, dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadar masa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Amma ɗaurinsa ba ya mayar wa mai saye da filin, kuma sau da yawa kuɗin sun riga sun narke.

Abin koyi daga Nijar

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun bi wata hanya. Dokar tsarin karkara da suka kafa ranar 2 ga Maris, 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma samar da kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye zuwa sama. Kwamitin ƙauye, ƙarƙashin mai gari, yana ba da takardar shaida daban-daban: ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina, da ta riƙon gado. Fa'idarta ita ce tun ranar farko an rubuta a wane matsayi mutum ya shiga gona. Jikan wanda aka ba aro ba zai tashi da da'awar saye ba, alhali takarda tana ajiye. Jihohin Arewa suna da masu unguwanni da dagatai a kowane lungu. Abin da ya rage shi ne kundi mai lamba da hukuma ta sani, wanda kowa zai iya dubawa.

Kafin kuɗi su fita

Mai saye ya ga mai sayarwa ido da ido, ya gwada sunan da ke katin shaidarsa da wanda ke takardar fili. Ya tambaye shi ta ina ya samu: saye, gado, kyauta ko rabon gwamnati, ya nemi takardar kowane mataki har zuwa tushe. Ya sa lauya ya binciki fayil a hukumar rajistar ƙasa, kamar KANGIS, KADGIS ko AGIS, ko ma'aikatar ƙasa ta jiharsa, a ga ko akwai jinginar banki, ko an soke takardar, ko ana bin kuɗin ƙasa. Ya tambayi maƙwabta da wanda ke zaune a ciki, ya kuma bincika ko akwai shari'a a kotu, domin wanda ya sayi filin da ake shari'a a kansa, hukuncin da aka yanke zai hau kansa. In kamfani ne ke sayarwa, a duba rajistarsa da waɗanda ke da ikon sa hannu. In mai sayarwa ba ya karatu, a karanta masa takardar da harshen da yake ji, marubucin ya rubuta sunansa da shaidar cewa ya karanta masa. Kuɗi su bi ta banki zuwa asusun mai fili, kuma a karɓi sa hannunsa a takardar neman amincewar gwamna a zaman da aka biya shi.

Gwamnatocin jihohi su ma suna da nasu nauyin. Muddin neman amincewa yana da tsada da jan lokaci, jama'a za su ci gaba da ciniki a bayan fage, fayil yana ɗauke da sunan matattu. Rage kuɗin, yanke wa'adin da takarda za ta fito, da kai ofisoshin rajista ƙananan hukumomi zai rage wa kotuna kaya.

Kira na ƙarshe ga masu dukiya ne, domin su ne masu mallakarwa na gobe. Wanda ya yi kyauta ya miƙa ta tun yana da ƙarfinsa, ya kafa shaidu, ya rubuta. Wanda ya ba da aro ko ya karɓi jingina ya rubuta. Magada su raba gado da wuri, a ba mata da marayu nasu a hannu. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, kuma hadisi ingantacce ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci. Wanda ya san akwai haƙƙin wani a cikin abin da ke hannunsa, ya ji tsoron Allah, kada ya kai shi kasuwa sai ya sallami mai haƙƙin.